An hukunta yarinyar, koci tana nan bakin fili

Ranar 17 ga Fabrairun 2022, a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing, Kamila Valieva 'yar Rasha ta shiga filin zamiya kan ƙanƙara tana da shekara 15, kowa na ganin zinare nata ne. Minti huɗu ake ba kowace 'yar wasa. Cikin minti huɗun nan ta faɗi sau biyu, ta ƙare a ta huɗu. Da ta fito jiki na rawa, kocinta Eteri Tutberidze ba ta tarbe ta da lallashi ba, sai ta hau ta da tambayar me ya sa ta saki jiki ta daina fafatawa, kyamara na ɗauka. Shi kansa Thomas Bach, shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, ya ce abin ya tayar masa da hankali.

Kwanaki kafin nan duniya ta yi ca a kanta, domin an gano trimetazidine, maganin ciwon zuciya da aka haramta wa 'yan wasa, a gwajin da aka yi mata ranar 25 ga Disambar 2021. A Janairun 2024 kotun wasanni ta duniya ta dakatar da ita shekara huɗu. Kocin kuwa ba a dakatar da ita ba.

Me ya sa ake rububin yara ƙanana a wasan nan? Lissafi ne kawai. Maki mai tsoka yana wajen tsalle mai juyi huɗu, wanda ake gamawa a iska cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a dira da ƙafa guda kan siririn ƙarfen takalmi. Jiki marar nauyi, wanda bai kai ga balaga ba, ya fi saurin juyawa. Don haka koci mai neman lamba yana tsere ne da girman yarinya. Yulia Lipnitskaya ta ci zinare tare da tawagar Rasha a Sochi a 2014 tana da shekara 15. A 2017 ta yi ritaya bayan jinyar cutar ƙin cin abinci. Alina Zagitova ta ci nata a 2018, ita ma tana 15, kafin ƙarshen 2019 ta jingine gasa.

Masu kare wannan salo za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda, wasan ba ya koyuwa da girma. Amma wanda ya tanƙwara har ya karya, ya wurgar, ya ɗauko wani ɗanyen, ba horarwa yake yi ba. Aikin koci a ranar gasa shi ne ya ɗauke wa yaro nauyin tuta da 'yan jarida da burin iyaye, ya bar shi da abin da ya iya. Gyaran kuskure yana iya jiran safiyar gobe.

A Yunin 2022 hukumar wasan ta duniya, ISU, ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17 sannu a hankali. Ya yi kyau, amma bai taɓa hannun da ke riƙe da bulalar ba.

Duba Alysa Liu ta Amurka. Ta zama zakarar ƙasarta a 2019 tana da shekara 13, ta ajiye takalmi a 2022 tana 16 saboda ta gaji. Da ta dawo a 2024, sai da ta gindaya sharaɗin cewa da bakinta a zaɓen kiɗa da sutura da tsarin atisaye, masu horar da ita kuma suka amince. A Maris ɗin 2025 ta lashe gasar duniya a Boston tana da shekara 19, shekarun da Lipnitskaya ta yi bankwana da wasan.

Ni dai da ana jin tawa, dokar da ISU za ta ƙara ita ce: duk ranar da aka samu haramtaccen magani a jikin wanda bai kai 18 ba, a fara dakatar da koci da likitan tawaga, sannan a zauna bincike.