A Auna Kunnuwa Biyu, Ba Ƙarfin Ji Kaɗai Ba

Mu da muka fito daga ƙasar Jibiya mun san yadda ake yi da mai ciwon kunne a ƙauye irin Mazanya. A ɗiga masa man gyaɗa, a ɗaga masa murya, in abin ya ci tura a yi karo-karo a kai shi asibiti a Katsina. In ya yi sa'a a can za a sa masa abin saurare a kai, a riƙa aika masa da sauti daga na'urar awon ji, tun daga mai kauri na haz 250 har zuwa siriri na haz 8,000, yana ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji. Awo ne mai amfani, amma tambaya ɗaya yake amsawa, wato yaya ƙarfin sauti zai kai kafin mutum ya ji shi.

Akwai wata larura da wannan awo ba ya kamawa. Likitoci na kiranta difilakusis, mu kuwa sai mu ce ji-biyu. A cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, kowane sashe nata da irin sautin da yake karɓa. Idan ta kunne ɗaya ta lalace fiye da ta ɗayan, sai sauti guda ya shiga dama da kaifi, ya shiga hagu da kauri, mutum ya riƙa jin murya ɗaya kamar ta mutum biyu da ba su jitu ba.

To, me ya sa wannan ya dame mu fiye da Bature? Domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Tashi da faɗuwar murya ne suka raba kukan yaro da kukar miya, su ne suka raba wuyan riga da wuyar rayuwa. Kalangu ma da su yake magana. A zaure, inda babu hayaniya, mai ji-biyu zai iya cinko ma'ana daga zaren zance. Amma a kai shi kasuwar Jibiya ran Lahadi, ko bakin iyaka inda manyan motocin Maraɗi ke ruri, a ga yadda magana za ta dagule masa. Daga nan sai a ce ya cika taurin kai, ko kuwa an yi masa jifa.

Abubuwan da ke ɓata kunne kuwa ba baƙinmu ba ne. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta na cikin abin da take bar wa waɗanda suka tashi. Ga ƙyanda, ga allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai a shagunan magani, ga ƙarar injin niƙa, ga kuma ta bindigogi da ta addabi yankin a shekarun nan.

Gwajin da muke nema ba ya bukatar sabon gini. Na'ura mai hanya biyu ta isa: a tsayar da sauti ɗaya a kunnen dama, a riƙa sauya na hagu, ana bi da bi, har majiyyaci ya ce sun zo daidai. Tazarar da ta rage tsakaninsu ita ce girman larurar. Aikin 'yan mintoci ne. Rashin yinsa kuwa na iya sa a saya wa talaka na'urar ƙara ji guda biyu da kuɗin gero, su ƙara masa ƙarfin muryoyi biyun da ke rikita shi, ya cire ya ajiye a cikin adaka.

Saboda haka muna kira ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da ta sa wannan gwaji cikin horon da take ba ma'aikata, ta kuma haɗa kai da sassan Hausa na jami'o'inmu a tsara jerin kalmomi masu bambancin karin sauti domin awo. 'Yan'uwanmu kuma da za a tura ɗakunan shan magani na bakin iyaka, in wani ya zo da kukan kunne, ku sa ya toshe ɗaya ya saurara, ya toshe ɗayan ya saurara, ku tambaye shi ko muryar ɗaya ce, sannan ku rubuta amsarsa a takardar da za ku tura shi da ita Katsina.