Gidan Abincin Tailan A Ikko: A Tambaya Kafin A Ci

Tun da aka buɗe wani katafaren gidan abincin mutanen Tailan a tsibirin Ikko, maganarsa ba ta fita daga bakin mutanenmu ba, musamman 'yan canji da 'yan kasuwar da abokan hulɗa suka gayyata can. Wasu sun yaba tsabtar wurin da ladabin ma'aikata. Masu kushewa kuwa cewa suke yi kuɗin kwano guda ya isa cefanen gida ɗaya a Agege, kuma an zuba sukari a miya, sa'an nan akwai wani wari da ke tashi daga abincin.

To, maganar wari dai ba ta da ƙarfi. Ruwan kifi ne da suke kira nam pla, watau ƙananan kifaye ake jiƙawa da gishiri wata da watanni har su tsumu, a tace a riƙa ɗigawa a miya. Wanda ya tashi da daddawa a miyar kuka ai bai kamata ya toshe hanci ba. Taliyarsu ma da ake ce wa pad tai, in ka duba, tsamiya ce da gyaɗa da barkono a kan taliyar shinkafa, duk kayan da muke sauke wa mutanen Kurmi a Mile 12. Shinkafar ce kawai ta ba wasu mamaki. Mun shekara da shekaru muna cin shinkafar Tailan, kafin Babban Banki ya hana masu shigo da ita kuɗin waje a 2015, aka kuma rufe iyakoki a watan Agusta na 2019. Ashe turarrar da suke aiko mana ta sayarwa ce. Su a gida wata fara mai laushi da ƙamshi suke ci.

Abin da ya dame ni shi ne abin da masu yabo da masu kushewa duka ba su tambaya ba, watau wane nama ne, kuma wa ya yanka. Yawancin mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, naman alade kuwa abinci ne na yau da kullum a wurinsu. A ɗakin girki irin nasu kasko ɗaya na iya soya alade yanzu, an jima ya soya kaza. Mutuminmu kuwa in babban mutum ya gayyace shi, sai kunya ta kama shi, ya nuna hoton da ya yi masa kyau a takardar abinci, ya yi bisimilla. Jama'a, wannan kunya ba ta da amfani. Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinsu, domin akwai Musulmi da yawa a kudancin ƙasarsu, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, kuma Majalisar Musulunci ta ƙasar tana ba da tambarin halal ga kayan abinci. Har miyarsu ta massaman, mai madarar kwakwa da dankali, daga Musulmi aka samo asalinta. Saboda haka gidan da ya zo neman kuɗi a Ikko, garin da Musulmi suka cika, wajibi ne ya rubuta ƙarara abin da ke cikin kowane kwano. In ma'aikaci ya kasa ba da amsa, a ci kifi ko ganye bayan an tabbatar da kaskon, ko kuwa a sha ruwa a tashi.

Kada kuma a ɗauka haka kawai waɗannan gidaje suke yaɗuwa. A 2002 gwamnatin Tailan ta fito da shiri musamman na ƙara yawan gidajen abincinta a ƙasashen waje, daga wajen 5,500 zuwa 8,000, tana horar da masu girki, tana taimaka wa masu buɗewa da rance. Mu kuwa suya da kilishi da masa sun daɗe da cin kasuwa daga Obalende har Sabon Ibadan, amma mai suya yana nan a bakin titi da fitilarsa, yana tsoron ranar da ma'aikatan hukuma za su zo su kwashe teburinsa. Attajiranmu da ke iya biyan kuɗin kwanon Tailan ba su rasa abin da za su haɗa su kama gida guda mai tsabta a tsibirin ba, inda baƙo zai zauna a kawo masa tuwon shinkafa da miyar taushe.