Raddi Ga Masu Cewa Dokar Majalisa Ta Isa Kare Ruwan Ayalan

Tun bayan zanga-zangar kuɗin ruwa ta 2014, wasu masu sharhi a Ayalan ke nanata magana guda: wai neman a rubuta a kundin tsarin mulki cewa ruwan famfo mallakar jama'a ne, ɓata lokaci ne. Hujjojinsu ba sa wuce huɗu: akwai doka, ba mai niyyar sayarwa, 'yan kasuwa sun fi iya aiki, kuma kundi ba wurin zancen bututu ba ne.

Mu fara da dokar, tunda ita suke tinƙaho da ita. Gaskiya ne, dokar ruwa ta 2014 ta ce ba za a sayar da hannun jarin kamfanin ruwa na gwamnati, Irish Water, ba sai an tambayi jama'a ta hanyar ƙuri'a. To, wa ya kafa dokar? Majalisa. Wa zai iya soke ta? Majalisar dai, ko da rinjayen ƙuri'a ɗaya. A tsarin Ayalan kuwa gwamnati daga majalisa take fitowa, galibi rinjayen a hannunta yake. Duk ministan da ya ƙudurta sayarwa ba zai ɓata lokacinsa wajen tambayar kowa ba. Sakin layin dokar zai fara gogewa, sannan ya kira masu saye. An ba kura ajiyar nama ke nan, ana ce mana mu kwantar da hankali! Kundin tsarin mulki na 1937 ba haka yake ba: sashe na 46 ya hana a taɓa ko harafi sai da ƙuri'ar raba gardama. Masu wannan magana sun san bambancin sarai, ba jahilci ne ke damunsu ba. Mutanen da suka tsaya a ƙofar gidajensu suna hana ma'aikata haƙa ramin mitar ruwa, su ma sun san shi.

Batun niyya kuma, abin dariya ne. Niyyar gwamnati ba ta wuce ranar da baitulmali ya bushe. A 2010 ƙasar ta shiga shirin ceto na yuro biliyan 85, kuma a ƙarƙashin matsin wannan bashi aka sayar da kamfanin makamashi na Bord Gáis Energy ga kamfanin Centrica na Birtaniya a 2014. Daga wane gida aka yanko shi? Daga uwar kamfanin da aka rataya wa Irish Water. Girka ma an matsa mata ta sayar da kamfanin ruwan Atina, kuma kotu ce ta taka birki a 2014, da hujjar kundin tsarin mulki.

Iya aiki? A leƙa Ingila, wadda ta sayar da kamfanonin ruwanta a 1989. Bashin ɗaya daga cikinsu, Thames Water, ya haura fam biliyan 15, ga ƙazanta na malala cikin koguna.

Na ƙarshen bai cancanci dogon bayani ba. Yurugwai ta rubuta kariyar ruwa a kundinta a 2004, Sulobeniya ta bi sahu a 2016, kuma kundin bai yage ba.

Idan da gaske ba mai niyyar sayarwa, a kira ƙuri'ar a rufe zancen.