Kasimu Yero da bashin da ke kanmu a Gombe



Kwanan baya muna zaune a majalisarmu ta Jekadafari bayan sallar Isha'i, sai na ga wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya ƙura wa waya ido yana ta ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Da na leƙa sai na ga ashe guntun Karambana ne wani ya ɗora a Facebook, hoton duk ya dusashe, muryar ma da ƙyar ake ji. Na ce masa, "Ka san wannan mutumin?" Ya ce, "A'a Baba, amma wallahi ya iya." Tun daga daren abin yake cina, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Mutumin dai shi ne Kasimu Yero, ɗan Zariya, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Kaduna ranar 3 ga Satumba, 2017, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa da rahama. Mu da muka taso lokacin da talabijin ɗaya ce a layi guda, yara su cika tsakar gidan mai ita har bakin zaure, mun san shi a wurare uku. Mun san shi a Karambana na NTA Kaduna, inda yake tsoma baki a abin da ba a kasa da shi ba har ya jawo wa kansa. Mun san shi a Magana Jari Ce, lokacin da aka mayar da littafin Abubakar Imam wasan talabijin. Sauran 'yan Najeriya kuwa, daga Legas har Fatakwal, sun san shi da sunan Gaga a wasan Turancin nan Cock Crow at Dawn, wanda aka fara nunawa a 1980, aka ɗauka a yankin Jos domin jawo hankalin mutane ga noma. A can ya fito tare da marigayi Sadiq Daba mai fitowa a Bitrus.

Abin lura a nan shi ne, Gaga ba shi ne jarumin wasan ba. Labarin na Bello ne da iyalinsa da gonarsa. Gaga kawu ne mai taurin kai, mai kawo cikas, irin wanda kowane dangi ke da guda. Amma yau ka tambayi duk wanda ya kalli wasan, kafin ya tuna yadda gonar Bello ta ƙare zai tuna maka Gaga. Wannan shi ne aikin irin waɗannan 'yan wasa. Ba su ne ake liƙa hotonsu a gaba ba, ba su ne ke auren yarinyar a ƙarshe ba, amma su ne gishirin miyar. Su ne uban da ya ƙi, da wazirin da ke kitsa makirci, da maƙwabcin da ba ya gani ya ƙyale. In suka yi sanyi, wasan duka ya zube, komai kyan jarumin.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum ɗaya ya ba ka dariya da Hausa a wannan makon, mako mai zuwa ya sa ka ji haushinsa da Turanci, ka kuma yarda da shi duka biyun. Kasimu yana da murya, ya kuma san inda zai ajiye ta. Ya san lokacin da zai yi shiru ya bar ido ya ƙarasa magana. Ni a ganina wannan ba baiwa ce kaɗai ba, horon daɓe ne. Wanda ya saba tsayawa gaban jama'a ido da ido, babu damar a ce a yanke a sake, dole ya haddace maganarsa, dole ya koyi jefa murya har layin ƙarshe, dole ya ji numfashin 'yan kallo ya san ko suna tare da shi. Zamaninsu haka aka tashi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan daɓe kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Kannywood ɗin ma da ake taƙama da ita, ai daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta fito: Turmin Danya na 1990 aikin ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta Kano.

To yanzu ina daɓen? Nan ne maganata ta dawo gida. Da, da wuya ka sami makarantar sakandare a ƙasar nan da ba ta da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ana karanta Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu a aji, ranar bikin ƙarshen shekara kuma a ɗaura labule da zannuwan gado a yi wasa gaban iyaye. Ni kaina na taɓa fitowa a matsayin alƙali da gemun auduga, gemun ya faɗi ana tsakiyar shari'a, har yau abokan karatuna ba su daina tsokanata da shi ba. Yau yaron da ke da wannan sha'awar waya kawai yake da ita. Zai yi bidiyon daƙiƙa talatin, ya yi ihu, ya murguɗa baki, a danna masa alamar so, shi ke nan. Ban raina ƙoƙarinsu ba, wasunsu na da basira ƙwarai. Sai dai daƙiƙa talatin ba ta koya wa mutum riƙe hali guda na tsawon awa biyu.

Na san akwai masu cewa wasan kwaikwayo shashanci ne, kuma abin da suke gani a wasu finafinai na rawa da waƙa ya ba su hujja. Ban ce ba su da gaskiya gaba ɗaya ba. Amma a tuna, mu ne masu tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon malalaci da marowaci da tuzuru manya na dariya suna ba da sadaka. Kuma Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya rage wa talaka tsoron kaki fiye da yadda wata lacca za ta yi. In muka janye hannu muka ce babu ruwanmu, ba daina yi yaran za su yi ba, za su dai koya a wurin da ba mu zaɓa ba.

Sai kuma maganar yadda dattawan nan ke ƙarewa, wadda ita ta fi yi mini ciwo. Samanja ya rasu a Nuwamban 2023. Karkuzu na Jos ya rasu a 2025, bayan ya rasa ganinsa, sai da aka yi ta neman taimako a kafafen sadarwa kafin a waiwaye shi. Mutanen da suka shafe shekaru suna shiga ɗakunanmu kowane mako. Duk ranar da ɗayansu ya rasu sai shafuka su cika da hotuna da addu'a, kwana uku a wuce wurin. Ayyukansu kuma abin da ke hannun jama'a guntaye ne irin wanda yaron nan yake kallo.

Kasimu Yero ba ɗan Gombe ba ne, kuma ba zan ce ƙungiyarmu ce za ta tattara ayyukansa ba, wannan nauyin NTA ne da jami'o'i. Amma muna da namu. Tun kafin a ƙirƙiro jihar nan a 1996 akwai masu wasa a garin nan, a makarantu da rediyo da dandalin unguwa, wasunsu na nan da rai a Bolari da Herwagana da Pantami da Tudun Wada, sun tsufa, ba wanda ya taɓa zama da su ya naɗi labarinsu. Wannan ba ya buƙatar kwangila. Waya ɗaya ce da matasa biyu masu ladabi da kuɗin Keke Napep. Muna kuma da Jami'ar Jihar Gombe da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a cikin gari, ba za a rasa malamin da zai karɓi abin da aka naɗa ya adana ba.

Abu na biyu, mu zaɓi makaranta ɗaya tak, mu nemi izinin shugabanta, mu ɗauki nauyin wasa guda a ƙarshen zangon karatu, a gayyato ɗaya daga cikin dattawan nan ya zauna da yaran lokacin gwaji, a kuma ba shi abin hannu na mutunci, ba a ce masa Allah Ya saka kawai ba. Zan kawo wannan shawara a taronmu na wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Kafin nan, duk wanda ya san wani tsohon ɗan wasa a unguwarsu, ko yake da tsohon kaset a cikin adaka, don Allah ya sanar da sakatare.