Kafin a cire matsarmama, a tambaya ko an duba bututu



A wajenmu duk ciwon da ya kama saman ciki olsa ne, duk idon da ya yi rawaya shawara ce, sai a kama shan jiƙo. Alhali wani lokacin tsakuwa ce a matsarmama, musamman ga matan da suka yi haihuwa da yawa, da masu sikila, waɗanda kan tara ta tun suna yara.

In likita a Lafiya ya ce a cire matsarmama, kada a firgita, mutum na rayuwa lafiya ba tare da ita ba. Ita jaka ce kawai. Hanta ke yin ruwan ɗacin, ya bi wani siririn bututu ya sauka cikin hanji. Matsalar ita ce tsakuwa na iya fita daga jakar ta maƙale a bututun, kuma ana samun haka a kusan mutum 1 cikin 10 da ake yi wa wannan aiki. Hoton ciki na yau da kullum yana nuna tsakuwar jaka sarai, amma ta bututu takan ɓuya a bayan iskar hanji. In aka cire jaka aka bar ta, bayan makonni ko watanni ido ya sake rawaya, fitsari ya yi duhu, zazzaɓi da rawar sanyi su biyo, har abin ya kai ga rai.

Dabarar gano ta ba ta yau ba ce. Tun 1931 wani likita a Ajantina, Mirizzi, ya fara zuba ruwan hoto a bututun ana cikin tiyata a ɗauki hoto. Yanzu akwai hoton MRI kafin aiki, akwai kuma ciro tsakuwar ta baki da kyamara. Sai dai da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da kayan ba.

Ba kowa ke buƙatarsu ba. Amma wanda ya taɓa yin shawara, ko gwajin hanta ya nuna matsala, ko hoto ya nuna bututunsa ya buɗe, a ganina bai kamata ya sa hannu a takardar tiyata ba sai ya tambayi likita: an duba bututu? Mu kuma in muna haɗa wa ɗan uwa kuɗin aiki a ƙungiya, mu lissafa har da kuɗin wannan hoton da na motar zuwa inda ake yin sa.