Me doka ta tanadar wa ma'aikacin da aka sallama a Kano?

Rufewar masana'antu da dama a Sharaɗa, Bompai da Challawa ta bar ma'aikata masu yawa babu albashi, kuma a Najeriya babu alawus na rashin aikin yi da za su nema.

A Afirka ta Kudu, wanda aka sallama yana iya karɓar kuɗi daga asusun UIF, inda shi da kamfaninsa kowanne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin.

Abin da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanada shi ne sanarwa: mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai biyar. Wanda ya aikata babban laifi kuwa ana iya korarsa nan take.

Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. To amma guzurin tsufansa ne yake ci.

Ko wannan ma ba ta kai ga yawancin masu aiki a marinar Ƙofar Mata ba, inda galibi ake aiki bisa yarjejeniyar baka, babu takarda, babu asusun fansho. Idan kasuwar rini ta ja baya aka sallami yaro, dangi da adashi ne kawai madogararsa.