Saniya Mai Magana da Jirgin Ƙasan Mai Kuskure

Na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, ganin an kawo zancen kwamfuta cikin mujallar sashen Hausa. To, a yi mini uzuri. Ra'ayina shi ne, 'yan shirye-shiryen ban dariya da gwanayen na'ura suka ƙirƙira don zana hoto da haruffa adabi ne na 'yan sana'a, kuma ya cancanci a nazarce shi kamar yadda muke nazarin barkwancin mahauta ko habaicin 'yan kasuwa.

Su waɗannan gwanaye, sunan da ake kiransu da Ingilishi shi ne 'yan jarida ke fassara wa "masu kutse", amma asalinsa ba na ɓarayi ba ne. Ya yi ƙarfi ne a jami'ar MIT ta Amurka wajen ƙarshen shekarun 1950, a wani kulob na ɗalibai masu harhaɗa 'yan jiragen ƙasa na wasa, kuma ma'anarsa mutumin da ke sarrafa na'ura don daɗin gwaninta. A zamanin da al'adar tasu ta kafu, yawancin kwamfutoci ba sa nuna hoto. Mutum zai rubuta umurni ne, na'ura ta ba shi amsa a rubuce. Haruffan kuwa ƙidayayyu ne, domin tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, alamomi 128 ke gare shi, kuma 95 ne kaɗai ake iya gani a allo. Da waɗannan ne suka yi zane, yadda mawaƙi ke fitar da hikima daga cikin ƙuncin kari da amsa-amo.

Alal misali, a 1999 Tony Monroe ya rubuta cowsay. Aikinsa guda ne: ka rubuta magana, sai saniya ta bayyana tana faɗin ta. Idanunta harafin o ne guda biyu, ƙafafunta 'yan sanduna ne a tsaye. In ka so, sai ka mai da ita matacciya, idanun su koma XX, harshe ya zazzago. Ko mai kwaɗayi, idanun su koma alamar dala. Akwai kuma wani tsohon shiri, fortune, wanda ke cikin Unix tun 1979, mai jefo zance ɗaya daga cikin taskarsa duk lokacin da aka kira shi. Da aka haɗa su, sai saniya ta shiga yi wa mutane wa'azi da azancin magabata. Abin lura a nan shi ne, haɗa shiri da shiri ta yadda abin da ɗaya ya fitar zai faɗa bakin ɗayan, shi ne ginshiƙin Unix baki ɗaya. Watau sabon shiga yana cikin dariya ya koyi babban darasin sana'ar.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne sl, na Toyoda Masashi, mutumin Japan. Akwai umurnin da ma'aikacin Unix ke bugawa ba adadi a yini, wato ls, mai jero sunayen abubuwan da ke ajiye. Mai gaggawa yakan juya haruffan ya buga sl. Maimakon na'ura ta ce masa ya yi kuskure, sai jirgin ƙasa mai hayaƙi ya kunno kai daga dama, ya ratsa allon a hankali har hagu. Mugun abin kuma, an gina shi ne yadda ba zai ji umurnin tsayawa ba, tilas mai kuskure ya naɗe hannu ya jira jirgi ya wuce, abokan aiki na kallo. Duk wanda ya taɓa zama gaban maigida yana koyon sana'a ya san irin wannan horo. Ba duka, ba zagi, sai dai a bar ka da kunyarka na ɗan lokaci, gobe kuwa ka kula.

Masu sūka suna cewa ɓata lokaci ne. Wannan ba ta dame ni ba, don ba a taɓa yin sana'ar da ba ta da wasa ba. Sūkar da ke da nauyi ita ce, raha tana iya zama katanga. Taskar fortune ta daɗe tana ɗauke da wani sashe na zantukan batsa da cin fuska, wanda sai an nema musamman yake fitowa, kuma a 2017 masu kula da FreeBSD suka cire taskokin zantukan daga tsarinsu, suka bar na shawarwarin aiki kawai. Ban ga laifinsu ba. Barkwancinmu ma yana da iyaka, kuma wasan da ke tsakanin taubasai ba a yin sa da baƙo. Sai dai wannan hujja ce ta a yi nazarin abin, a san wa ake yi wa dariya, wa kuma aka bari a waje.

Mu ma dai an bar mu a waje na wani lokaci. Cikin alamomin nan 95 babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, amma tsarin Unicode da ya zo a 1991 ya ba su gurbi. Yanzu wannan uzuri ya kau. Taskar fortune rubutu ne zalla, ana raba zance da zance da layi mai alamar % kaɗai. Ɗalibin da ya tara karin magana don kundinsa na digiri yana iya zuba su cikin wannan tsari a yini guda, in ya sami abokin aiki daga sashen kimiyyar kwamfuta. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta ɗauki wannan aiki a zangon karatu mai zuwa, malamai kuma su duba mana ƙa'idar rubutu kafin a saki taskar.